Dokin Ƙarfe: Yadda Baƙin Keke Ya Sami Surarsa, da Dalilin da Ya Sa Ba Ta Sauya Ba

Duk wanda ya bi hanyar ƙauye a ƙasar Hausa da hantsin ranar kasuwa ya san baƙin keken nan: dogo, mai manyan ƙafafu, mai birkin ƙarfe da faffaɗan sirdi a kan sifirin, ga kuma kariya mai ƙwari a baya. Wani ya ɗaure masa buhun masara, wani jarkokin ruwa huɗu, wani damin rake da ya fi keken tsawo. Mahayin yana zaune a miƙe kamar wanda ke kan kujera, ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, yana tafe a natse bisa hanyar burjin da motoci ke ta kauce wa ramukanta. Idan aka jera wannan keke da hoton wanda kamfanin Raleigh na Ingila yake sayarwa a shekarun 1930, da wuya a nuna wani bambanci na a zo a gani.

Mazauna birni sukan ɗauki wannan rashin sauyi a matsayin alamar ci baya. Tarihin keken ya nuna wani abu dabam. Kowane tsayi da kowace kusurwa da ke jikin firam ɗinsa amsa ce ga wata matsala da aka sha fama da ita: hanya marar kwalta, kaya mai nauyi, mahayi cikin tufafinsa na yau da kullum, da mai gyaran da ba shi da komai sai sifana da guduma. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ma'aikatan da suka yi shekaru ba su taka feda ba sun koma tambayar kuɗin keke. Sanin dalilin da ya sa keke yake da surar da yake da ita na iya raba mutum da sayen wanda zai jingine a zaure bayan mako biyu, saboda ciwon baya da na wuyan hannu.

Kafin a ɗaura sarƙa

A watan Yunin 1817, wani Bajamushe mai suna Karl von Drais ya fito titin birnin Mannheim a kan wata na'urar katako mai ƙafafu biyu, ɗaya a gaban ɗaya. Ba ta da feda. Mahayin yana zaune ne yana tura ƙasa da tafin ƙafarsa. Abin da duniya ta gada daga gare shi shi ne gano cewa ƙafafu biyu a layi ɗaya ba sa faɗuwa muddin ana tafiya kuma ana iya juya ta gaba.

A shekarun 1860, maƙera a birnin Paris, cikinsu har da iyalan Michaux da Pierre Lallement, suka maƙala feda a cibiyar ƙafar gaba. Wannan ya kawo sauƙi, ya kuma zo da tasa matsalar. Kowane zagayen feda ɗaya zagayen ƙafar keke ɗaya ne, don haka mai son gudu ba shi da wata dabara sai ya ƙara wa ƙafar gaba girma. Haka aka yi ta ƙarawa, musamman a birnin Coventry na Ingila inda James Starley ya yi fice a farkon shekarun 1870, har tsayin ƙafar gaba ya kai tsakanin mita 1.3 da 1.5, ta baya kuma ta koma 'yar mitsitsiya. Turawan Ingila suka yi wa keken laƙabi da sunan tsabar kuɗinsu biyu, babban kwabo da ƙaramar tsabar da take rubu'insa, domin haka ƙafafun suke idan an jera su.

Aibin wannan keke a zaman mahayi yake. Yana can sama, kusan daidai saitin cibiyar ƙafar gaba, ta yadda ɗan dutse ko kare da ya gitta ya isa ya wurga shi ta saman kan keken, ya sauka da ka. Saboda haka keke ya zama abin wasan samari masu kuɗi da ƙarfin hali. Dattijo, da mace, da mai kai saƙo ɗauke da kaya, duk ba su da rabo a cikinsa.

A 1885, John Kemp Starley, ɗan ɗan'uwan James, ya fitar da keken da ya kira Rover. Ya mayar da feda tsakanin ƙafafun biyu, ya haɗa ta da ƙafar baya ta hanyar sarƙa da faifai biyu masu haƙora. Da wannan sai gudu ya rabu da girman ƙafar keke. Lissafin a sarari yake: tsohon keke mai ƙafar inci 52 yana cin kimanin mita 4 a zagayen feda ɗaya, shi kuwa keke mai ƙafar inci 28, idan faifan gaba na da haƙora 44 na baya na da 18, yana cin kusan mita 5 da rabi. Mahayi ya sauko kusa da ƙasa, nauyinsa ya rabu tsakanin ƙafafu biyu masu kusan girma ɗaya, birki ya daina zama barazana ga wuyansa.

Abubuwa biyu suka cike aikin. Na farko, zuwa farkon shekarun 1890 maƙera sun daidaita a kan firam mai siffar alwatika biyu da suka haɗa baya. Kafintan da ke ɗora rufin kwano ya san hikimar: alwatika ba ta karkacewa sai ɗaya daga sandunanta ya karye, don haka siraran bututun ƙarfe suna iya ɗaukar nauyin da ya ninka nasu sau da yawa. Na biyu, a 1888 wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya haɗa wa ɗansa tayar da ake hura wa iska. Ƙananan ƙafafu masu daskararriyar roba suna jijjiga mahayi a kan duwatsu, tayar iska kuwa ta shanye jijjigar. Kafin tsakiyar shekarun 1890 dogon keke ya ɓace daga tituna. Afirka ta biya wani ɓangare na kuɗin wannan jin daɗi, domin buƙatar roba da tayoyin keke suka tayar tana cikin abubuwan da suka rura aikin tilas da kisan gilla a Kongo ƙarƙashin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, wanda ya mallaki ƙasar daga 1885 zuwa 1908.

Keken ma'aikaci

Wani attajiri mai suna Frank Bowden, wanda likita ya shawarta da ya riƙa hawan keke domin lafiyarsa, ya sayi wani ƙaramin shagon haɗa kekuna da ke kan titin Raleigh a birnin Nottingham a ƙarshen shekarun 1880. Daga sunan titin kamfanin ya sami nasa, wanda Hausawa suka mayar Rali. Raleigh da takwarorinsa irin su Hercules da BSA da Phillips da Rudge ba su ƙirƙiro sabon abu ba. Sun ɗauki fasalin Starley ne suka daidaita shi da bukatun masu aiki: ɗan sanda, mai raba wasiƙu, leburan masana'anta, da likitan karkara. Yawancin hanyoyin Ingila na wancan zamani tsakuwa ce da taɓo a wajen gari, da shimfiɗaɗɗun duwatsu a cikinsa.

Daga nan sifofin baƙin keke suka fito ɗaya bayan ɗaya. Ƙafar inci 28 tana haye rami cikin sauƙi fiye da ƙarama, kamar yadda babbar mota ke wuce inda ƙarama ke maƙalewa. Birkin sandunan ƙarfe ba ya tsinkewa kamar na waya, kuma maƙeri na iya miƙe shi idan ya lanƙwashe. Murfin sarƙa yana kare ta daga ƙura da ruwa, yana kuma kare wandon mahayi daga baƙin mai. Sirdin fata mai sifirin, irin na kamfanin Brooks na Birmingham, yana shanye abin da taya ta rage na jijjiga. A 1902 aka fito da giya uku ta Sturmey-Archer, wadda take ɓoye a cikin cibiyar ƙafar baya, nesa da yashi. Amma duk waɗannan kayan haɗi ne. Halin keken yana cikin ma'aunan firam ɗinsa.

Ma'aunai huɗu

Na farko shi ne karkatar wuyan keke, wato gajeren bututun da ke riƙe da kan keke daga sama da fok daga ƙasa. Fok shi ne ƙarfen nan mai rassa biyu da ke rungume da ƙafar gaba. A keken tsere wuyan yana tsaye a kusurwar kimanin digiri 73 daga ƙasa, a baƙin keke kuwa ya kwanta baya zuwa wajen digiri 67. Digiri shida kamar ba wani abu ba ne a takarda, amma a hanya su ne suka raba keken da ke amsa ƙaramin motsin hannu nan take da wanda ke juyawa a hankali. Ɗan tsere yana buƙatar na farko domin ya kutsa tsakanin abokan karawa. Mai ɗauke da buhu yana buƙatar na biyu, domin kowace juyawar ba-zata na iya kifar da shi. Kwantaccen fok mai lanƙwasa a ƙarshensa yana kuma ɗan lotsawa idan ya daki rami, sai ya rage abin da ke isa hannu.

Na biyu ya fi wuyar gani. Idan aka ja layi ta tsakiyar wuyan keke har ƙasa, zai sauka a gaban inda taya ke taɓa ƙasa. Ratar da ke tsakanin wuraren biyu ana iya kiranta tazarar biyo-baya, domin taya tana biye ne da layin da take juyawa a kansa. Ƙananan tayoyin kujerar ofis misali ne na kusa: duk inda aka tura kujerar, sai su juya da kansu su bi bayanta. A yawancin kekunan zamani wannan tazara tana tsakanin milimita 55 da 60. Idan ta yi yawa keke yakan riƙe hanya ɗoɗar lokacin gudu, amma kansa yakan yi nauyi, ya riƙa faɗawa gefe a tafiyar hankali. Idan ta yi kaɗan kan keken yakan yi sauƙi a hannu, sai dai yana buƙatar kulawar mahayi.

Na uku shi ne karkatar bututun da ke ɗauke da sirdi. A baƙin keke shi ma ya kwanta baya, don haka sirdi yana bayan feda sosai. Wannan ne ke ba mahayi damar zama a miƙe, nauyinsa a kan sirdi maimakon tafin hannu, idonsa a kan hanya ba tare da ya ɗaga wuya ba. Kan keken kuma ya fi sirdi tudu, ya lanƙwaso baya ya tarbi hannu. Farashin wannan zama shi ne iska: ƙirjin da ke a miƙe yana tare ta, kuma da zarar gudu ya wuce kilomita 20 a awa, yaƙi da iska ne ke cinye mafi yawan ƙarfin mahayi. Ga mai tafiyar kilomita 12 ko 15 a awa, asarar ba ta taka kara ta karya ba.

Na huɗu shi ne tsawo. Daga cibiyar ƙafar gaba zuwa ta baya, keken tsere bai cika wuce mita ɗaya ba, baƙin keke kuwa yakan haura mita ɗaya da santimita 10. Kaso mai yawa na wannan ƙari a baya yake, tsakanin feda da ƙafar baya. Wanda ya taɓa zama a kujerar ƙarshe ta bas a kan lalatacciyar hanya ya san bambancin zama a saitin taya da zama a tsakiyar mota. Doguwar baya tana matsar da mahayi zuwa tsakiya. Tana kuma sa kayan da ke kan kariya su zauna a saitin cibiyar ƙafar baya ko gabanta. Idan kaya suka zarce bayan cibiyar, sukan ɗage ƙafar gaba, kan keke ya riƙa rawa. Ga kuma sararin da diddige ke samu, ba ya dukan buhu a kowane zagaye.

Amsar Faransa ga tambaya guda

Cewa waɗannan ma'aunai sun dogara da inda ake ɗora kaya ya fito fili a birnin Paris. Daga shekarun 1920 har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu rarraba jaridu a birnin suna ɗora damin jarida a kan faffaɗar kariya ta gaba, domin su riƙa sauke wa masu shaguna ba tare da sun sauka daga keke ba. Har gasar tsere suke yi duk shekara ɗauke da kilo 15 na jaridu. Kaya a gaba yana ƙara wa kan keke nauyi da son faɗawa gefe, don haka maƙeran Faransa suka tsayar da wuyan keken, suka ƙara wa fok lanƙwasa, har tazarar biyo-baya ta sauko ƙasa da milimita 40. Keken Ingila an gina shi ne domin kayan baya, na Paris domin kayan gaba. Wanda ya rataya manyan jarkoki a kan baƙin keke ta gaba yana yaƙi ne da ma'aunin da aka ƙera shi a kai.

Maƙeran sun kai ga wannan sani ta hanyar gwaji, tun kafin masana su cim musu. Francis Whipple na Jami'ar Cambridge ya rubuta lissafin motsin keke a 1899. A 1970 wani masanin Ingila, David Jones, ya yi ta ƙera kekunan da yake fatan ba za su hawu ba domin ya gano sirrin tsayuwar keke, amma yawancinsu suka hawu. A 2011 masu bincike daga jami'o'in Delft da Cornell da abokan aikinsu suka wallafa a mujallar Science cewa keke na iya daidaita kansa ko da babu tazarar biyo-baya kuma babu tasirin juyawar ƙafafu, muddin an raba nauyinsa ta wata hanya. Ma'ana, inda nauyi yake zaune a jikin keke yana da muhimmanci kamar kusurwoyinsa, abin da duk mai ɗaure buhu ya sani da hannunsa.

Daga Nottingham zuwa Kano, Ludhiana da Tianjin

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kantunan kamfanonin Turai suka cika da hajar Ingila. A shekarun da suka biyo baya basukur, kamar yadda dattawa ke kiransa, ya zama abin hawan malamin makaranta, da ma'aikacin En'e, da masinja, da malamin gona, ya kuma zama abin da manomi ke saya da kuɗin gyaɗa ko auduga idan kaka ta yi kyau. Laƙabin dokin ƙarfe ya nuna matsayin da aka ba shi: doki ne da ba ya cin ingirici. Najeriya ta zama ɗaya daga manyan kasuwannin Raleigh a ƙetare, har kamfanin ya yi tallar nan da ta shahara a Afirka, ta mahayin da ya tsere wa zaki yana dariya. Daga baya aka kafa wurin harhaɗa kekuna a Zariya, Raleigh kuma ya buɗe masana'anta a Kano. Keken da aka auna domin tsakuwar karkarar Ingila ya dace da burjin ƙasar Hausa, zaman miƙe da murfin sarƙa kuma suka dace da riga da wando mai faɗi.

Haka ya faru a Asiya. Bayan samun 'yancin Indiya, kamfanin Atlas ya fara aiki a 1951, Hero kuma a 1956 a birnin Ludhiana, dukansu a kan fasalin Ingila. A ƙasar Sin an fara ƙera Flying Pigeon a Tianjin a 1950, Phoenix kuma a Shanghai a ƙarshen shekarun 1950. Tsawon shekaru, keke da keken ɗinki da agogon hannu da rediyo su ne kayan da gidan da ya wadata a Sin ke alfahari da su, jerin da ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi a Arewa a shekarun 1960 da 1970.

Ƙarfin firam ɗin ya sha gwaji mai tsanani. A yaƙin Dien Bien Phu na 1954, mayaƙan Biyetnam sun yi jigilar shinkafa da harsasai ta cikin duwatsu a kan dubban kekuna da aka ƙara wa ƙwari da itace, aka ɗaura musu sanda a kai domin a riƙa tura su da ƙafa, kowanne ɗauke da kilo 200 ko fiye. Sojojin Faransa, waɗanda suka dogara da jiragen sama, sun sha kaye. A garin Busia da ke kan iyakar Yuganda da Kenya, matasa suka ɗora katifa a kan kariyar baƙin keke suna ɗaukar fasinja daga boda zuwa boda, kuma daga nan sunan boda-boda ya samo asali, tun kafin babura su gaje shi.

Lokacin da tsere ya karɓe kasuwa

A ƙasashen da suka ƙirƙiro shi, baƙin keke ya fara ja da baya ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Raleigh ya ƙera kekuna sama da miliyan ɗaya a 1951, amma cikin shekaru kaɗan ma'aikacin Ingila ya koma mota da ƙaramin babur. Da keke ya tashi daga abin sufuri ya koma abin motsa jiki, sai ma'aunan tsere suka zama abin koyi. A farkon shekarun 1970, lokacin da cinikin keke ya zarce na mota a Amurka, abin da jama'a ke rububi shi ne mai giya goma da siraran tayoyi da kan da ya lanƙwasa ƙasa, ko da mai sayen ba zai taɓa shiga gasa ba. Holan na cikin ƙasashe ƙalilan da suka riƙe tsohon fasalin, kuma har yau tana sahun gaba a duniya wajen zuwa aiki da makaranta a kan keke.

Keken hawan dutse, wanda ya cika kasuwannin gwanjo a yau, ya samo asali ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a shekarun 1970. Matasan da suka fara shi sun yi amfani da tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930, kuma da Joe Breeze ya ƙera nasa firam a 1977, kwantattun kusurwoyin tsofaffin ya kwaikwaya, domin su ne ke riƙe hanya a kan gangara mai duwatsu. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai kwaikwayon da ake ƙerawa da araha domin manyan kantuna ya ɗauki kamannin ne kawai: sifirin gaba da baya masu ƙara nauyi ba tare da amfani ba, gajeriyar baya marar wurin ɗaura kariya, tayoyi masu ƙuraje da ke cin ƙarfi a kan kwalta, da giyar waje da ƙurar hunturu ke lalatawa.

A Najeriya, faɗuwar darajar naira bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ta jefa masana'antun da suka dogara da kayan waje cikin mawuyacin hali, kekunan Sin da Indiya suka mamaye kasuwa. Acaɓa ya karɓe jigilar birni, daga baya baburan Sin masu araha suka shiga har ƙauyuka, keke ya zama alamar wanda bai samu ba. A Nottingham kanta, Raleigh ya daina haɗa kekuna a 2002. Duk da haka keke yakan dawo a duk lokacin da babur ya gagara, kamar yadda aka gani a Maiduguri bayan hana hawan babura a 2011.

Aibobinsa, da abin da mai saye zai duba

Baƙin keke ba shi da tsarki daga aibi. Nauyinsa yakan kai kilo 20. Birkinsa, wanda ke kama bakin ƙarfen ƙafa, yana rauni ƙwarai idan ruwan sama ya jiƙa shi. Giyarsa guda ta yi tauri ga mai kaya ko mai hawan tudu. Firam ɗinsa ya fi zuwa a girma biyu, inci 22 da 24, waɗanda aka auna da dogon namiji; shi ya sa yaran da suka koyi keke a wurin masu haya suka fara da zura ƙafa ta cikin firam suna tuƙi a karkace. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ta yi la'akari da irin waɗannan aibobi wajen ƙera keken Buffalo domin karkarar Afirka. Ta sassauto da sandar firam domin gajere da mace su iya hawa, ta sa birkin da ake takawa da feda ta baya, ta yi kariya mai ɗaukar kilo 100. Zaman miƙe, da firam na ƙarfe, da sauƙin gyara kuwa ta bar su yadda ta same su.

Ga ma'aikacin da zai yi tafiyar kilomita biyar zuwa goma a rana, darasin wannan tarihi a aikace yake. Ya fara da girman firam: idan ya tsaya da sandar a tsakanin ƙafafunsa, ya kamata a sami 'yar rata. Tsayin sirdi ana gane shi ne idan ya ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak. Sirdin da ya yi ƙasa shi ne kan gaba wajen jawo ciwon gwiwa. Kan keke ya kasance daidai da sirdi ko sama da shi. Ya duba ko akwai ramukan ɗaura kariya da madigadi, da kuma isasshiyar rata tsakanin diddige da inda jaka za ta rataya. Taya mai faɗi da santsin baya ta fi mai ƙuraje a cikin gari. Idan giya ta yi tauri, sauya faifan baya daga haƙora 18 zuwa 22 yana rage tafiyar zagaye ɗaya daga kusan mita 5 da rabi zuwa 4 da rabi, aikin da ba ya ɗaukar mai gyaran keke awa guda. Kafin ya biya, ya gwada keken da irin kayan da zai riƙa ɗauka, domin halin keke ba ya bayyana sai an ɗora masa nauyi. Ya kuma tambayi mai gyara na unguwarsu ko ana samun kayan wannan samfuri a kasuwa.

Akwai ma'auni ɗaya da ba ya hannun maƙeri. A farkon shekarun 2000, ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kira ga 'yan Najeriya su rungumi keke, har ya riƙa hawa da kansa zuwa aiki a Abuja, sai wata bas ta banke shi ya faɗa kwalbati. Jama'a sun yi ta raha da lamarin, amma haɗarin ya nuna inda gizo ke saƙa. Starley da magadansa sun warware matsalar rami da kaya da tufafi tun fiye da ƙarni guda da ya wuce. Matsalar mahayin da ke raba titi da tirela da adaidaita-sahu, ba tare da layin da aka keɓe masa ba, tana kan teburin masu tsara birane a Kano da Kaduna da Abuja, kuma ita ce za ta yanke ko ma'aikacin da ya sayi keke bana zai ci gaba da hawansa baɗi.